Jarin da yayana ya ba ni ya narke, laifina ne ko na ƙasa?

Wani ƙaninmu daga Rigasa ne ya turo wannan tambaya, ya ce a sakaya sunansa. A taƙaice ya gama karatu ya yi bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai yayansa ya haɗa masa jarin naira 800,000 a farkon 2023, ya kama shago a unguwa yana sayar da kayan masarufi yana haɗawa da POS. Yanzu kanta ta yi fayau, kuɗin haya ya zo babu na biya, yayan kuma ya ɗauke masa wuta. Abokansa na majalisa suna cewa ƙasar ce ta lalace ba laifinsa ba ne, mahaifiyarsa tana cewa baki ne ya kama shi, shi kuma duk inda ya leƙa sai ya ji ana cewa mutum ya ɗauki alhakin rayuwarsa, har ya fara ganin wannan magana ta 'yan ƙoshi ce. Yana so ya san gaskiya, laifinsa ne ko na ƙasa, kuma da wane ido zai kalli yayansa.

To ƙanina, da farko Allah ya mayar maka da mafi alheri. Aikina shi ne duba lissafin ƙananan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin gama kai a nan Kaduna, na daɗe ina yi, saboda haka labarinka ba baƙo ba ne a wurina, kuma zan gaya maka abin da nake gaya wa duk wanda ya zauna gabana da irin wannan matsala ko da wani ɓangaren ba zai yi maka daɗi ba.

Tambayar taka tana neman amsa guda, ko kai ko ƙasa, alhali kowa da kasonsa a ciki. Kuma a yau ɗin nan babu wanda ya san girman kason kowa, abokanka ba su sani ba, Hajiya mahaifiyarka ba ta sani ba, yayanka bai sani ba, kai ma da kake cikin shagon ba ka sani ba, domin ba a taɓa zama an sa alƙaluman a takarda ba. Duk wanda ya yanke maka hukunci yanzu, ko ya wanke ka ko ya ɗora maka, zato kawai yake yi.

Bari in fara da kason ƙasa don kada ka ce na manta. Wallahi ka buɗe shago a lokacin da ya fi kowane wuya a 'yan shekarun nan. Farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin fasalin naira, mutane suka kwana a layin banki, har jihar nan tamu tana cikin jihohi uku da suka fara kai ƙara kotun ƙoli, ita da Kogi da Zamfara. Ba a gama farfaɗowa ba ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take kusan 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da aka yi shawara da kai kafin a yi, kuma duk wanda ya ce maka ba su taɓa shagonka ba bai san kasuwa ba.

Amma ga abin da nake so ka tsaya ka duba. A layin da shagonka yake, ko layin da ke bayansa, akwai mai shagon da ya sha wannan wuyar duka tare da kai, man da ka saya shi ya saya, dilan da ke ƙara maka kuɗi shi ke ƙara masa, kuma har yau yana buɗewa. Wataƙila ya rame, wataƙila kayansa sun ragu, amma bai rufe ba. Bambancin da ke tsakaninka da shi, wannan shi ne kasonka. Ba don in ci maka fuska nake faɗa ba, ina faɗa ne saboda wannan kason shi kaɗai ne za ka iya yin wani abu a kai gobe da safe. Farashin mai ba ya hannunka. Littafin bashinka yana hannunka.

Ga yadda hauhawar farashi ke cinye jarin mutum yana kallo yana murna. Misali ka saro katan ɗin taliya a 10,000, ka sayar ɗaya-ɗaya ka haɗa 11,000, ka ce Alhamdulillah na ci ribar 1,000, ka cire ta ka sa kati ka yi cefane. Ka koma kasuwa sari sai ka tarar katan ya koma 12,000. Yanzu 10,000 ce a hannunka kuma ba za ta sayi katan ba, sai ka rage ka ɗauko rabi ko ka cike da kuɗin wani kayan. A idonka riba ka ci, a zahiri uwar kuɗi ka taɓa. Yi wannan a kan sukari da madara da omo da man gyaɗa wata bayan wata, kanta za ta dinga raguwa ba tare da an sace maka ko allura ba. In farashi yana tashi da kashi 30 a shekara, kayan da 800,000 ta cika maka shago da su bana sai ka samu 1,040,000 kafin ka cika shi baɗi, ke nan 240,000 ta farko da ka gani kamar riba ba taka ba ce, ta shagon ce. Tsofaffin 'yan kasuwa na Kasuwar Gumi sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba, shi ya sa za ka ga mutum kafin ya buɗe da safe sai ya buga waya ya ji nawa kaya suka kwana, yana sa farashi a kan abin da zai sayo gobe ba abin da ya sayo jiya ba. Mutane suna zaginsu a kan haka, kuma gaskiya akwai masu wuce gona da iri suna ɓoye kaya, amma asalin dabarar ba zalunci ba ce, kare jari ne. Tashin farashin kason ƙasa ne. Rashin bin farashin, da cire riba kafin a tabbatar riba ce, wannan kason mai shago ne.

Saboda haka aikin farko da zan ba ka ba tunani ba ne, lissafi ne. Sayi littafi mai layi. Shiga manhajar POS ɗinka, ko Moniepoint ce ko OPay ko wacce kake amfani da ita, ka ciro bayanan shige da ficen kuɗi tun daga ranar da ka fara, haka ma na asusunka na banki. Ɗauko duk wata takarda da ka taɓa rubuta bashi a kai ko da bayan kwali ne. Sai ka bi wata-wata kana tambayar kowace naira ina ta tafi. Nawa ne a hannun mutane da bai dawo ba, rubuta su da suna. Nawa ne kayan da aka ɗiba aka shiga da su gida, shinkafa mudu biyu yau, sabulu gobe, madarar yara jibi, wanda ba a taɓa biya ba saboda ai shagonmu ne. Nawa ka kashe wa kanka, data da man mashin da anko da gudummawar biki da shayin dare da ake cewa oga ne zai biya, kuma in kana taɓa cacar ƙwallo a waya ka rubuta ta ita ma, babu mai ganin littafin sai kai da Allah. Nawa ya tafi a alat na bogi ko turansifar da aka nuna maka a fuskar waya ka miƙa kuɗi ba ta shigo ba. Nawa ne kayan da suka lalace a firiza ranar da babu wuta. Abin da ya rage bayan ka cire waɗannan duka daga jarin, shi za ka jingina wa farashi da haya da sauran abin da ya fi ƙarfinka.

Ina gaya maka, a yawancin shagunan unguwa da na duba, bashi da ɗibar gida su ne manyan ramuka, sannan haɗa kuɗin POS da na ciniki a aljihu ɗaya. Wannan na ƙarshen mugun abu ne domin yana ɓoye ciwo, kullum kana ganin kuɗi a hannunka kana jin kai mai kuɗi ne alhali kuɗin juyawa ne, in kaya suka ƙare ka ɗiba daga na POS, in na POS ya yi ƙasa ka cike da na ciniki, har ranar da duka biyun za su ƙare tare ka rasa wanne ne ya kashe wanne. Mai yiwuwa naka lissafin ya fito daban, mai yiwuwa ka tarar kaso mafi girma na ƙasa ne da gaske. To madalla, ka samu hujja a rubuce da za ka nuna. Amma sai an yi kafin a sani.

Me ya sa mutane ke gudun wannan zaman? Saboda laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ɗabi'ar ɗan Adam ce kuma masana halayyar mutum sun daɗe da lura da ita, in abu ya yi kyau mu ce ƙoƙarinmu ne, in ya lalace mu nemo wanda za mu rataya wa. Ka ji ɗalibai ranar da sakamako ya fito, wanda ya haye zai ce na ci, wanda ya faɗi zai ce malam ya kayar da ni. Wani masani a Amurka mai suna Julian Rotter ya fitar da ma'auni a 1966 na auna inda mutum yake ganin akalar rayuwarsa take, a hannunsa ko a hannun sa'a da manya da yanayi, kuma binciken da aka yi ta yi bayansa ya nuna galibi masu ganin aikinsu yana tasiri sun fi dagewa a karatu da wurin aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya gamsu cewa komai daga waje yake zuwa ba shi da abin gyarawa, in ka sake ba shi 800,000 gobe hanyar jiya zai bi domin a ganinsa hanyar ba ta da aibu.

Sai maganar Hajiya. Kada ka yi mata gardama, uwa ce kuma tausayinka take ji, sannan kambun baka gaskiya ne ya zo a hadisi, ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma ka nemi ta ci gaba da yi maka addu'a. Amma addinin da ya koya mana neman tsari shi ne ya koya mana rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan me take magana? A kan rubuta bashi da kafa shaidu, har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Mu kuma sai mu ba da kayan dubu hamsin da baki saboda kunya, in ya maƙale mu ce an sa mana hannu. Haka maganar ƙaddara. Mun yi imani da ita mai daɗi da marar daɗi, amma ka duba yadda magabata suka fahimce ta. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya yanke shawarar juyawa da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma hadisin da ke cewa in abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ya ƙaddara, farkonsa cewa ya yi ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Mu mun haddace ƙarshen mun bar farkon. Ƙaddara magani ce ga zuciya a kan abin da ya riga ya wuce don kada baƙin ciki ya kashe ka, ba a ajiye ta don ta hana ka buɗe littafi ka ga inda ruwa ya shiga ba.

Yanzu maganar yayanka, wadda ina jin ita ta fi damunka. Akwai ƙissar da nake so ka karanta da kanka a nutse, ta Ka'abu ɗan Malik a yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Bai fita yaƙin ba, kuma shi da bakinsa ya ce bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba, har abin hawa biyu gare shi. Abin da ya hana shi kawai gobe zan shirya, gobe zan shirya, har runduna ta yi nisa. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo Madina, mutum tamanin da wani abu suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu suka tafi gida lafiya lau. Ka'abu mutum ne mai iya magana, mawaƙi ne ma, ya ce da gaban wani yake zaune da ya san yadda zai fita, amma ya zauna ya ce wallahi ba ni da wani uzuri. Annabi ya ce amma wannan ya faɗi gaskiya. Ka ga abin da ya biyo baya, masu uzurin ƙarya suna yawonsu, shi da abokansa biyu da suka faɗi gaskiya, Murara da Hilal, aka hana kowa yi musu magana har kwana 50. Danginsa ma sun zuga shi ya koma ya ƙirƙiro uzuri. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga sarkin Gassan yana cewa mun ji mutuminka ya wulaƙanta ka, taho wurinmu mu girmama ka, ya ce wannan ma jarrabawa ce, ya jefa ta a tanderu. Ƙarshe Allah ya saukar da karɓar tubansu a Suratut Tauba, ana karantawa har yau.

Abin da nake so ka ɗauka a nan abu biyu ne. Faɗin gaskiya a kan kai yana da tsada a farko, ba na yi maka alkawarin yayanka zai rungume ka ranar da ka je, mai yiwuwa ya yi faɗa, mai yiwuwa ya yi shiru wata guda. Na biyu, a lokacin da kake cikin ƙunci za a samu masu kawo maka magana mai sanyi, ai ba laifinka ba ne, ai shi ma yayan naka me ya ba ka, 800,000 kuɗi ne a wannan zamani? Suna ƙaunarka ta wata fuska amma maganarsu ba za ta biya haya ba, kuma tana nesanta ka da mutumin da ya cire kuɗi daga bakin iyalinsa ya ba ka.

Kada ka tura masa saƙo a waya, kada ka aika Hajiya. In ka gama lissafin ka je gidansa da kanka a lokacin da ka san yana da natsuwa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ajiye littafin a gabansa. Ka ce Yaya ga abin da ka ba ni, ga inda ya tafi, wannan ɓangaren farashi ne ya ci, wannan kuma ni ne, na ba da bashi ban rubuta ba, na haɗa kuɗi wuri ɗaya, na ci abin da na ɗauka riba ce. Ka fara da naka kafin na ƙasa. Kuma in ka faɗi naka ka tsaya, kada ka liƙa masa amma a baya, domin da zarar ka ce na yi kuskure amma ai kowa ya san halin da ake ciki, ka goge na farkon. Sannan ka zo da abin da za ka yi: ga masu bashi mutum kaza zan bi su, ga firiza da sauran kaya in an sayar za su kai kaza, in jarin rance ne ga abin da zan iya biya duk wata ko da 5,000 ce. Kada ka roƙi sabon jari a wannan zaman sam. A sanina da masu ba da jari, ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona musu rai ba, duhun da aka bar su a ciki ne, mutum ya ba ka amana ya dinga jin labari a bakin mutane kai kuma kana kauce masa a masallaci.

Ina so in ja maka kunne ta ɗaya gefen kuma, domin na ga waɗanda wannan magana ta ɗaukar alhaki ta zame musu bulala. Akwai abin da ba laifin mutum ba ne ko kaɗan. Masaƙar KTL da ke Kakuri ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, dubban magidanta da suka yi shekaru suna tashi da asuba suna shiga aiki suka wayi gari babu komai, wa zai kalle su ya ce sakacinsu ne? Mai shayi da mai wankin hula da aka kulle a gida watanni a 2020 lokacin korona, manomin Birnin Gwari ko Giwa da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, waɗannan an zalunce su ne ko jarrabawa ta faɗa musu, kuma masu cewa duk talaka shi ya so talaucinsa ba su san abin da suke faɗa ba. Ɗaukar alhakin kai kuma ba ya wanke shugabanni, haƙƙin da ke wuyansu yana nan, a tambaye su a kuma yi musu hisabi ranar zaɓe. Abin da nake nufi kawai ka ɗauki naka daidai girmansa, kada ka rage kada ka ƙara. Cewa na ba da bashin 150,000 ban rubuta ba magana ce mai amfani domin tana nuna abin gyara. Cewa ni ba ni da amfani, duk abin da na taɓa sai ya lalace, wannan ba hisabi ba ne, shaiɗan ne ke neman ya zaunar da kai. In ka ga abin ya kai ba ka barci, ba ka cin abinci, kana gudun mutane, ko wani mugun tunani yana zuwa maka, ka gaya wa wanda ka yarda da shi kuma ka ga likita, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na masu yawo a bola kawai ba ne kamar yadda ake ɗauka, suna duba masu damuwa irin wannan kullum.

In Allah ya sa ka sake tsayawa, ko a wannan shagon ko a wata sana'a, ga abin da zan nace maka a kai. Ka yanka wa kanka albashi, adadi sananne duk sati, abin da ya wuce haka ba naka ba ne ko da kai ne mai shagon. Duk abin da za a shiga da shi gida a biya ko a rubuta a cire daga albashin, kuma ka zauna da Hajiya ka yi mata bayani cikin ladabi tun farko, iyaye suna fahimta in an gaya musu gaskiya. Kuɗin POS da asusunsa daban, na kaya daban. Kada ka miƙa kuɗi ko kaya sai ka ga shigar kuɗi a naka asusun, ba a wayar kwastoma ba. Bashi ka sa masa iyaka, wanda bai biya na baya ba ba ya karɓar sabo, kuma wannan ita ce mafi wuya a unguwa domin masu karɓa 'yan uwa ne da maƙwabta da abokan babanka, za a ce ka yi girman kai, ka daure, waɗanda za su ce haka ba za su zo ranar da mai gida ya zo karɓar haya ba. Duk ƙarshen wata ka rufe shago awa biyu ka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a farashin sari na ranar, ka haɗa da kuɗin hannu, ka gwada da na watan jiya. Wannan ƙirgar ita ce za ta gaya maka kana hawa ko kana sauka tun abin bai yi nisa ba.

Kuma ka nemi wanda zai dinga duba ka. Wannan mutane suna raina shi amma ni a wurina ya fi duk sauran. Alkawarin da mutum ya yi wa kansa a zuci saurin karyewa gare shi domin shi ne mai laifi shi ne alƙali. Dubi adashi, mutumin da ba zai iya ajiye 2,000 a gida ba sai ga shi yana zubi duk sati ba fashi, saboda uwar adashi za ta zo kuma sauran 'yan zubi suna kallo. Ka samu mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, wanda ya san kasuwa kuma ba zai yi maka kara ba, ka ce duk ranar ɗaya ga wata zan kawo maka littafina. In yayanka ya sauko shi ya fi dacewa, kuma babu abin da zai dawo da yardarsa da sauri kamar ya ga littafin wata shida a jere ba tare da ya tambaya ba.

Sauran magana ita ce ko ka koma shagon ko a'a, wannan lissafin ne zai faɗa. In ya nuna unguwar tana da ciniki ramukan ne suka yi yawa, ana iya toshewa a fara da kaɗan, kaya masu saurin fita kawai. In ya nuna ko an toshe ribar ba za ta ɗauki haya ba, ka mayar da makulli kafin bashin haya ya taru a kanka. Kuma kada takardar makaranta ta hana ka zama a ƙarƙashin wani na shekara guda, ko a shagon babban ɗan kasuwa ka ga yadda ake sari da yadda ake bin bashi, ko a Panteka in hannunka yana son ƙere-ƙere. Yawancin masu manyan shagunan da kake gani a garin nan yaran shago ne a da, sun koyi riƙe kuɗin wani kafin a ba su nasu, kai kuma an ba ka jari kafin ka samu wannan horon, wanda wannan ma wani kaso ne da ku biyu kai da yayanka ba ku lura da shi ba a farko.

In ka gama cike littafin ka turo mini jimlar kowane ɓangare, ba sai da sunayen masu bashi ba, da kuɗin hayar shagon da abin da kake sayarwa a rana in kasuwa ta yi daidai, sai mu duba tare mu ga ko zai tashi. Allah ya rufa asiri, ya daidaita tsakaninka da yayanka.